Shingen dala 25,000: Me zai sauya ga ƙananan 'yan kasuwar hannun jari a Amurka?

A watan Satumban 2025 shugabannin FINRA, hukumar da ke sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, suka amince a cire sharaɗin ajiye dala 25,000 ga masu yawan saye da sayar da hannun jari a rana guda. A lokacin, gyaran na jiran hukumar SEC ta sa hannu kafin ya fara aiki.

Tun 2001 aka kafa dokar, bayan faɗuwar hannayen jarin kamfanonin intanet ta cinye dukiyar mutane da dama. Ta shafi asusun rance ne, wato wanda dillali ke ara wa mai shi kuɗi ya ƙara a kan nasa. A yadda aka tsara ta a lokacin, duk wanda ya sayi hannun jari ya sayar a rana ɗaya har sau huɗu cikin ranakun aiki biyar, kuma hakan ya haura kashi 6 cikin 100 na cinikinsa a lokacin, za a sa masa lamba. Daga nan dole asusunsa ya kai dala 25,000, in ba haka ba a hana shi irin wannan ciniki.

Raunin dokar a fili yake: aljihun mutum take aunawa, ba haɗarin da ya ɗauka ba. Mai dala 26,000 zai iya caca da dukiyarsa yini guda, har a ba shi damar ciniki da kusan ninki huɗu na rarar kuɗinsa, mai dala 5,000 kuwa ko da taka-tsantsan yake yi, sau uku kawai aka yarje masa. Sabon tsarin zai duba girman abin da mutum ya riƙe a cikin yini, ya gwada shi da kuɗin da ke asusunsa.

Asusun tsabar kuɗi, inda mutum ke ciniki da nasa kaɗai, ba ya ƙarƙashin wannan doka, shi ya sa masu ƙaramin jari suka riƙa komawa can. Haka ma masu gudun kuɗin ruwa, domin rancen dillali da ruwa yake zuwa. Sai dai shi ma da nasa tarkon. Kuɗin da aka samu daga sayarwa ba ya tabbata sai ranar aiki ta gaba, tsarin da Amurka ta koma ranar 28 ga Mayun 2024. A da kwana biyu ake jira.

A ce mutum yana da dala 1,000, ya sayi hannun jari da safiyar Litinin ya sayar da rana. Zai iya sayen wani da kuɗin nan take, amma in ya sake sayarwa kafin Talata, ya karya ƙa'ida, tunda ya sayar da abin da bai gama biya ba. Dillalai da yawa kan takura asusun na kwana 90 idan hakan ya faru sau uku cikin wata 12, ta yadda ba ya sayen komai sai da kuɗin da ya riga ya tabbata.

Gyaran FINRA bai taɓa wannan ƙa'ida ba. Ke nan 'yan Najeriya da ke sayen hannayen jarin Amurka ta manhajojin waya da kuɗinsu kaɗai za su ci gaba da jiran wayewar gari kafin su sake juya kuɗin.