Ana Shirin Haihuwa, Kar A Manta Da Idon Kaka

Wataƙila ku yi mamakin ganin ungozoma tana magana a kan yanar ido. Dalilina shi ne, a yawancin gidajenmu kaka ce ke karɓar jariri idan an haihu. Ita ke yi masa wanka, ita ke surka ruwan zafi, ita ke lura da cibiya. Idan idonta ba ya gani sosai, jariri ma yana cikin haɗari.

Yana ita ce kan gaba wajen jawo makanta a duniya, kuma ta fi kama tsofaffi. Maganinta ɗaya ne, wato aikin tiyata: likita ya cire abin da ya dushe a cikin ido, ya sa na roba a madadinsa. Galibi ba ya wuce minti 30, kuma ido kaɗai ake kashewa da allura ko ɗigon magani.

Da annobar korona ta shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2020, aka kulle gari a Kano cikin watan Afrilu, asibitoci suka ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba, har da na yana. Ban ga laifin hakan ba, domin tsofaffi su ne cutar ta fi yi wa illa. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya. Wasu tsofaffin da aka ce su jira ba su sake dawowa ba. Wasu tsoron asibiti ya hana su, wasu kuma kuɗin aikin ya tafi wajen cefane.

Na taɓa ganin wata dattijuwa da ta rako jikarta awo, tana lalube da bango. An sa mata ranar aiki a 2020, aka ɗage, daga nan kowa ya manta. Ita ce kuma ake sa ran za ta riƙe jariri.

Jira yana da illa. Yanar da ta daɗe tana ƙara tauri, aikin ya fi wuya, wani lokaci ma ta ɗaga ƙarfin ruwan ido ta kashe gani gaba ɗaya. Ga faɗuwa da karaya. Ga kuma masu zuwa gida suna tura yanar cikin ido da tsinke, abin da ya makantar da mutane da dama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona tun watan Mayun 2023. Saboda haka shawarata ita ce, yayin da kuke tanadin kayan haihuwa, ku tambayi tsofaffin gida yadda suke gani. Wanda ke ganin hazo-hazo, ko haske ke kashe masa ido, a kai shi sashen ido. Idan wata annoba ta sake zuwa aka ɗage aiki, ku riƙe katin asibiti, ku nemi sabuwar rana.

Haka kuma, in kun ga fari a tsakiyar baƙin idon jariri, ku kawo shi nan take, domin shi nasa ba ya jira.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya ba kakanni idon ganin jikokinsu.