Zinaren Rabat da Yaran da ke Alkafura a Kan Yashi

A shekarar 2019, a gasar Wasannin Afirka da aka yi a Rabat ta ƙasar Maroko, wani saurayi mai suna Uche Eke ya ciyo wa Nijeriya lambar zinare a wasan jimnastik, wanda mu nan muka fi sani da wasan alkafura. Ita ce zinare ta farko da muka taɓa samu a wannan wasa, alhali tun 1965 ake gasar, har ma mun karɓi baƙuncinta sau biyu, Legas a 1973, Abuja a 2003. Ran nan na tambayi mutum bakwai a ɗakin kwananmu ko sun san sunan nan. Wallahi ko ɗaya. Amma kowannensu zai lissafo maka 'yan bencin Arsenal ba tare da ya numfasa ba.

Abin da ya ci zinaren a kansa shi ake kira doki: wani dogon abu mai rufin fata, da mariƙa biyu a samansa. Hannu biyu kaɗai ɗan wasa zai dafa, ya riƙa wulwula ƙafafunsa a haɗe yana zagaye dokin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba tsayawa. Alƙalai kashi biyu ne. Wasu na lissafa wahalar abin da ya yi, wasu kuma su fara daga maki 10 suna zaftarewa: ƙafa ta buɗe, a rage, gwiwa ta lanƙwashe, a rage, ka faɗo kuwa, maki ɗaya cur ya tafi. Aikin shekara da shekaru ne ake auna shi cikin ƙasa da minti guda.

To ga inda abin ke ci mini rai. Uche Eke a Amurka aka haife shi, a can ya koyi wasan, ya yi wa Jami'ar Michigan wasa, daga baya ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya je gasar Olamfik a jimnastik, a Tokyo. Haka Kaylia Nemour, wadda ta ciyo wa Aljeriya zinare a Paris a 2024, a Faransa ta tashi. Ba gori nake musu ba, Allah ya sani, sun fitar da mu kunya. Amma tutar ce tamu, ɗakin horon na wasu ne.

Mu kuwa ba baiwa muka rasa ba. Duk unguwar da aka zube yashin gini, kafin magariba za ka ga yara sun kafa tsohuwar taya suna dira a kanta, suna juyi biyu a sama kafin su sauka. Ƙanena yana cikinsu. Ladan da ya samu shi ne bulala, don ya yaga wandon makaranta. Wannan wasa kuma tun ana ƙanana ake fara shi, kafin jiki ya sandare. Ni da kai da muka kai ajin difloma jirgi ya riga ya bar mu.

Shi ya sa nake ganin aikin namu ne. Muna da sashen walda da ƙere-ƙere, kowace shekara ɗalibai na kashe kuɗi su haɗa injin da zai ƙare yana tsatsa a bayan wokshof. Me zai hana wata shekarar a ce su ƙera gajerun sandunan atisaye, da katakon tafiya na mata, wanda faɗinsa santimita 10 ne kacal? Na san kayan gasa sai masu hatimin hukuma, kuma kada a bar yaro ya hau komai in babu katifa da ƙwararren mai horarwa, don karayar wuya ba wasa ba ce. Amma na koyo ba su fi ƙarfinmu ba.

Wani abokina ya ce mini, "Malam, ruwa ma ya gagare mu a ɗakunan kwana, kai kana maganar alkafura." Gaskiyarsa. Sai dai kuɗin wasanni daban muke biya duk zango, kuma ban taɓa ganin ya wuce ƙwallo da riguna da kofi ba. Wata kuma ta kawo zancen sutura, wanda ba abin rainawa ba ne a wurinmu. Na nuna mata hoton 'yan wasan Jamus mata a Tokyo, sanye da kaya har idon sawu, kuma dokar wasan ta yarda da hakan.

Roƙona ga Daraktan Wasanni na ƙungiyarmu ƙarami ne. A ware kuɗin riguna na shekara ɗaya a sayi katifu, a nemo mai horarwa daga hukumar wasanni ta jiha, a buɗe wa yaran firamaren ma'aikata zauren taro ranar Asabar da safe. Ni zan kawo takardar a zaman majalisa mai zuwa, ina neman wanda zai mara mini baya.