"Kwamfuta Ce Ta Lissafa" Ba Amsa Ba Ce: Duba Fanshonka Da Harajinka Da Kanka

A Ikara, Makarfi da Kudan, ma'aikata da yawa ba sa kallon komai a ƙarshen wata sai alat ɗin banki. Lissafin haraji da na fansho an bar wa akanta, ko wani mai shagon kwamfuta da ke cike wa mutane fom. Idan ka yi tambaya, sai a ce maka kwamfuta ce ta lissafa. A matsayina na mai rubuta manhaja, ina gaya maka cewa kwamfuta abin da aka ba ta take yi. Idan dabarar lissafin da aka saka a Excel ta karkace, haka za ta maimaita kuskuren kowane wata ba gajiya.

Dokar Fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa, dokar fansho ta Jihar Kaduna ce ta tsara nasu kason. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, kuɗin da aka cire maka na fansho ba a ɗora masa haraji. Sai an fitar da shi tukuna, sannan a lissafa haraji a kan ragowar.

Ga misali. Mai albashin naira 200,000 a wata yana samun 2,400,000 a shekara. Idan a kan duka albashin ake cire fansho, nasa zai kama 192,000. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko ba haraji, abin da ya haura har zuwa miliyan 3 kashi 15 ne. In an fitar da fansho, harajinsa 211,200 ne. In an manta, 240,000. Naira 28,800 ke nan ta tafi a shekara ɗaya saboda layi ɗaya da aka tsallake.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo: a cire kuɗin amma kada ya isa asusunka, ko don an yi kuskuren lamba ɗaya a lambar asusun, ko don ba a tura ba sam. Doka ta ba mai ba da aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura, kuma akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane watan jinkiri.

To me za ka yi? Ka nemi takardar albashinka kowane wata, ka ɗauki hotonta. Ka sauke manhajar kamfanin fanshonka, ko ka nemi bayanin asusu, ka kwatanta wata da wata. In ka ga giɓi, ka rubuta ƙorafi a takarda ko imel, ka ajiye kwafi, domin maganar baki ba ta zama hujja. Ka fara da ofishin albashi. Idan matsalar haraji ce, hukumar KADIRS ce ke karɓar harajin albashi a jihar nan. Idan ta fansho ce, ka je kamfaninka, in ba a gyara ba ka kai ƙara PenCom.

Ina kira ga 'yan uwana masu rubuta manhaja da masu yi wa mutane lissafi: duk manhajar albashi ta riƙa nuna wa ma'aikaci matakan lissafin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya karɓi kuɗin aiki ya yi kuskure, shi ya kamata ya bi sawun gyaran ba tare da ƙarin caji ba. Kai kuma mai karatu, da safe ake kama fara. Kuskuren wata uku ana gyara shi da takarda ɗaya, na shekara ashirin kuwa sai ranar ritaya zai bayyana, lokacin da wanda ya yi shi ya daɗe da barin ofis.