Ra'ayinmu: Sai Masu Gida, amma wane ne mai gidan?

A duk ƙarshen kakar wasa, ƙungiyoyi huɗu ne ke sauka daga gasar Firimiyar Najeriya zuwa ajin 'yan dagaji. Haka dokar gasar take, kuma babu wanda ya fi ƙarfinta. A watan Yulin 2022 dokar ta faɗa kan Kano Pillars, tare da Katsina United da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. Arewa ta rasa manyan ƙungiyoyinta biyu a kaka ɗaya.

Duk wanda ya san matsayin Pillars a zukatan mutane ya san nauyin wannan faɗuwa. Ƙungiya ce da aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Tun daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 babu ƙungiyar da ta ci ta a gida a wasan gasar, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna. Shekara uku bayan wannan biki, sai ga ta a rukuni na biyu.

Ya kamata mu tuna yadda abin ya faru, domin mutane da yawa sun fi riƙe zafin ranar, sun manta da hanyar da ta kai ga ranar. A watan Afrilun 2022, bayan Pillars ta daɗe tana buga wasanninta na gida a Kaduna, ta dawo filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ta karɓi baƙuncin Katsina United. Wasu 'yan kallo suka kutsa cikin fili, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gudanar da gasar ta cire wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar miliyoyin nairori, ta kuma mayar da wasanninta Abuja. A watan Yuni, a wasanta da Dakkada, shugaban ƙungiyar na wancan lokaci da kansa ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu. Aka dakatar da shi daga harkokin gasar, aka sake cire wa ƙungiyar maki. Makin da 'yan wasa suka sha wahala suka tara a fili, fushin shugabanni da na 'yan kallo ne ya zubar da shi.

Pillars ta dawo babbar gasa a 2023, ita da Katsina United. Amma a watan Oktoban 2025, da Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo gab da tashi daga wasa a Kano, sai aka sake ganin abin da aka gani a baya. Aka auka wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi, hukumar gasar ta sake cire maki uku, ta ci tara, ta kuma kai wasannin gida na Pillars zuwa Katsina. Faɗuwar 2022 ba ta zama darasi ba ke nan.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, fushin magoya baya yana da dalili, amma an bar jaki ana dukan taiki. Alƙalin wasa yana iya yin kuskure, kuma gaskiya ne alƙalanci a gasar Najeriya ya daɗe yana shan suka. Sai dai ba alƙalin wasa ne ke naɗa hukumar gudanarwa ba. Ba shi ke sayen 'yan wasa ko sallamar koci ba, ba shi ke jinkirta albashi da alawus ba, kuma ba shi ke barin fili ya lalace har a hana wasa a kansa ba. Waɗannan ayyukan mai ƙungiya ne. Abin da ya kamata kowane mai goyon baya ya tambaya shi ne, wane ne mai ƙungiyar, kuma ta wace ƙofa ake riƙe shi da alhakin abin da ya yi?

A Turai amsar tana da sauƙi, domin mai ƙungiya attajiri ne da aka san sunansa. Matasanmu da ke cika gidajen kallo sun san iyalan Glazer da suka sayi Manchester United a 2005, kuma sun ga yadda zanga-zangar magoya baya ta sa aka ɗage wasanta da Liverpool a watan Mayun 2021. Sun san Mike Ashley, wanda Newcastle ta faɗi daga gasar Firimiya sau biyu a hannunsa, a 2009 da 2016. A nan kuwa mafi yawan manyan ƙungiyoyi mallakar gwamnatocin jihohi ne. Pillars ta gwamnatin Kano ce, Katsina United ta gwamnatin Katsina, El-Kanemi Warriors ta Borno, Wikki Tourists ta Bauci. Gwamna ne ke naɗa shugabanni, shi ke rushe su, kuma daga asusun jiha ake fitar da kuɗin. Idan an ci kofi, a kai shi gidan gwamnati a ɗauki hoto. Idan an faɗi, a rushe hukuma a naɗa wata, ba tare da an faɗa wa kowa nawa aka kashe ko ina kuɗin suka shiga ba.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi a nan. Kuɗin gwamnati kuɗin jama'a ne. Ɗan kasuwar Kwari da direban Adaidaita Sahu da ke biyan haraji, su ne ke ciyar da ƙungiyar, ko sun shiga fili ko ba su shiga ba. Saboda haka mai goyon bayan Pillars ya fi mai goyon bayan Manchester United hujjar neman a yi masa bayani. Wancan abokin ciniki ne kawai, wannan kuwa da dukiyarsa ake aiki. Amma a zahiri ba shi da kujera a wurin da ake yanke shawara, ba shi da ƙuri'a, ba ya ganin lissafi. Mutumin da aka rufe wa kowace ƙofa, aka bar masa tsallaka shinge kawai, wata rana zai tsallaka. Wannan bayanin yadda abin ke faruwa ne, ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗaga hannu ya daki ɗan'uwansa.

A Jamhuriyar Nijar matsalar ta zo da wata siga. Kofin gasar ƙasa a 'yan shekarun nan yana zagayawa ne tsakanin ƙungiyoyin hukumomi da kamfanonin gwamnati da ke Yamai: SONIDEP a 2018 da 2019, ƙungiyar jandarma a 2021, NIGELEC a 2022, ƙungiyar Garde Nationale a 2023. Ga kuma ƙungiyoyin soja da 'yan sanda da duwan. Ƙungiyoyin garuruwa sun taɓa tsayawa da ƙafarsu, Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin a 1983, Espoir ta Damagaram ta ɗauka a 1984, amma yau da wuya ƙungiyar gari ta iya gogayya da wadda ke da kasafin hukuma a bayanta. Saurayin da ya tashi a Dogon Dutsi ko Tibiri ko Lugu, ina ƙungiyar da zai kira tasa a wannan tsari? Ba abin mamaki ba ne idan ya fi sanin 'yan wasan Real Madrid da Barcelona fiye da na ƙasarsa. Ɗan Kano yana da ƙungiyar da yake ƙauna amma ba shi da ta cewa a cikinta. Ɗan ƙasar Arewa a jihar Doso kuwa ƙungiyoyin da ke mulkin gasar ƙasarsa tun asali ba don garinsa aka kafa su ba.

Wasu na cewa maganin shi ne gwamnati ta sayar da ƙungiyoyin ga 'yan kasuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya kafa, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2025, bayan ta gina filinta da makarantar horar da yara. Amma MFM da ta faɗi tare da Pillars ba ta gwamnati ba ce, haka ma FC Ifeanyi Ubah da ta faɗi a 2021. Ƙungiyar da ta dogara ga aljihun mutum ɗaya, ranar da aljihun ya bushe ko mai shi ya gaji, sai ta bi shi. Canza mai gida kaɗai bai isa ba, muddin magoya baya na nan a waje.

Darasin da ya fi amfani daga ƙasashen waje yana wurin ƙananan ƙungiyoyi. Blackpool ta Ingila ta buga gasar Firimiya a kakar 2010 zuwa 2011, amma zuwa 2016 ta gangara har rukuni na huɗu a hannun iyalan Oyston. Magoya bayanta suka haɗa kai suka ƙaurace wa wasannin gida kusan shekara huɗu, suna ƙaunar ƙungiyar amma sun ƙi sa ko kwabo a aljihun masu ita. A 2019 kotu ta ƙwace ragamar daga hannun iyalan, jama'a suka koma suka cika fili. A 2002, da aka amince a ɗauke ƙungiyar Wimbledon daga unguwarta zuwa wani gari, magoya baya suka kafa tasu, AFC Wimbledon, suka fara daga rukuni na tara, suka hau har suka shiga rukunin ƙwararru a 2011. A Jamus kuma doka ta tanadi cewa mambobi ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a a mafi yawan ƙungiyoyi. Wannan bai hana Hamburg faɗuwa a 2018 ba, karo na farko a tarihin gasar Bundesliga, kuma sai a 2025 ta dawo. Amma cikin waɗannan shekaru bakwai filinta bai rabu da cika ba, kuma mai ƙorafi yana da babban taron mambobi da zai kai kukansa.

Ba kowane darasi ne zai yi aiki a nan yadda yake ba. Ƙaurace wa fili yana yi wa attajirin Ingila ciwo ne saboda kuɗin ƙofa na shiga aljihunsa. Gwamna kuwa ba da kuɗin ƙofa ya dogara ba. Abin da ke motsa shi shi ne ƙuri'a da abin da jama'a ke faɗa a rediyo da Facebook da majalisun hira. Ta nan ƙarfin magoya bayanmu yake, kuma ƙarfi ne babba idan an tsara shi.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohin da ke da ƙungiyoyi da su riƙa wallafa lissafin kuɗin shiga da na fita a ƙarshen kowace kaka, yadda kowa zai gani. A ba hukumar gudanarwa wa'adi sananne da manufa rubutacciya, a daina naɗi don saka wa 'yan siyasa. Naɗin Ahmed Musa a matsayin babban manajan Pillars a watan Yulin 2025 ya faranta wa mutane da yawa rai, domin ɗan gida ne da ya ci ƙwallo 18 a gasar a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Turai. Amma mutum mai suna yakan zo ya tafi. Tsarin da zai rage bayansa shi ne abin tambaya.

Muna kuma kira da a buɗe rajistar mambobi ta gaskiya, mai kati da kuɗin shekara, a ware wa wakilan da mambobi suka zaɓa kujeru a hukumar gudanarwa. A bar ƙofar a buɗe ga 'yan ci-rani da mazauna ƙetare. Bakanon da ke Legas ko Jidda, da Ba'aren da ke Kwatano ko Abijan, suna aika kuɗi gida don gina masallaci da haƙa rijiya. Za su sa hannu a ƙungiyar garinsu idan sun tabbata za a nuna musu inda kuɗinsu ya tafi. Majalisun dokokin jihohi su ma suna da aiki, domin ta hannunsu kasafin ke bi, kuma suna da ikon kiran shugabannin ƙungiya su yi bayani. A Nijar, hukumar FENIFOOT da ma'aikatun magajin gari su duba yadda za a tallafa wa ƙungiyoyin garuruwa, don kada gasar ƙasa ta zama gasar ma'aikatu.

Hukumar gasar Najeriya ita ma ta gyara nata. Cire maki da rufe fili hukunci ne da ke faɗa wa dubban mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, alhali wanda ya yi jifan yakan koma gida ya yi barcinsa. A kama shi, a kai shi kotu, a hana shi shiga fili. A kuma hukunta alƙalin wasan da aka samu da laifi a bainar jama'a, yadda mutane za su yarda cewa ƙorafi ta hanyar doka yana da amfani.

Kira na ƙarshe ga magoya baya ne. Ƙungiyoyin magoya baya sun san 'yan tayar da zaune tsaye a cikinsu da suna da unguwa, kuma rufa musu asiri cin amanar ƙungiya ne. Faɗuwa tana da ciwo, amma ana tashi. El-Kanemi Warriors ta faɗi a 2023, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024 tana rukuni na biyu, ta kuma dawo babbar gasa a shekarar. Abin da ke kashe ƙungiya shi ne a wayi gari iyaye na tsoron barin 'ya'yansu su je kallo, masu talla na gudun sunanta, ƙwararrun 'yan wasa na ƙin sa mata hannu. Wanda ya cika baki da kirarin Sai Masu Gida, ya nemi katinsa na mamba, ya halarci taro, ya tambayi lissafi, ya kuma kare baƙon da ya zo gidansa.