A Bar Wa Kowane Ɗalibi Maɓallin Tab Ɗinsa

A cibiyoyin koyon kwamfuta na cikin birnin Kano, daga Mandawari zuwa Ƙofar Mata, na'ura ɗaya kan ɗauki ɗalibai da yawa, kuma sau da dama asusu ɗaya ake ba su duka. Wannan yana tauye masu koyon Linux. A Bash, manhajar da ake rubuta umarni a cikinta a Linux, wadda Brian Fox ya fitar a 1989, idan ka rubuta farkon umarni ko sunan fayil ka danna Tab, sai ta ƙarasa maka sauran. Tun daga sigar 2.04 ana iya tsara yadda ƙarasawar za ta kasance, kuma ba sai mai kula da na'ura ya sa hannu ba. Kowane asusu yana da fayilolinsa, .bashrc da .inputrc, a cikin jakarsa. Layi ɗaya a .inputrc, set completion-ignore-case on, ya isa ya sa Tab ya daina bambanta babban baƙi da ƙarami. Umarnin complete kuma yana koya masa kalmomin da kai ka fi amfani da su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: sabon shiga yana son ganin duk zaɓin a jere, gwani kuwa sauri yake nema. Malaman cibiyoyi, ku riƙe tsarin bai-ɗaya da ke /etc a hannunku, amma ku buɗe wa kowane ɗalibi asusunsa, ku nuna masa fayilolin nan tun makon farko. Wanda ya gyara kayan aikinsa da hannunsa shi ne ya iya sana'a.