Gardamar Tom Da Jerry: Wa Zai Ce Wa Yaranmu Ƙurunƙus?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan sam mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wannan yanki namu, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa. Gardamar kuwa a kan katun ɗin nan ce ta muzuru da ɓera, wato Tom da Jerry, wanda yaranmu suke kallo dare da rana a wayoyin iyayensu da na yayyensu.

Na san wani zai ce, yanzu duk abubuwan da suka dame mu, ga maganar taki ga ta kuɗin mota, sai zancen katun za a kawo mana a jarida? To, a yi mini haƙuri. Ni ɗan tireda ne, kuma ina ganin yadda wannan gardama take taɓa cinikin wasu bayin Allah, sannan tana da alaƙa da tarbiyyar 'ya'yanmu, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Abin da masu gardamar suke cewa a teburin mai shayi da bakin tasha shi ne, wai fim ɗin cike yake da kurakurai, labarinsa ba ya bin juna. Za a danne Tom da ƙaton dutse ya baje kamar faifai, kafin ka ƙifta ido ya miƙe garau yana bin Jerry. Yau suna gaba kamar za su cinye juna, gobe ka gan su suna yawo tare kamar Hasan da Husaini. A wani ba sa magana, a wani kuma ga su nan suna zuba har da waƙa. Kamanninsu ma ba sa zama ɗaya. Daga nan sai jama'a suka rabu gida biyu. Wasu suka ce masu yin fim ɗin ne ba su san aikinsu ba. Wasu kuma suka ce a'a, samarin nan ne masu caji da tura finafinai a waya suke cakuɗa na gaske da jabu don su cika wa mutum memori. Har na sha ganin magidanci ya koma shagon mai turi yana faɗa, wai a dawo masa da kuɗinsa an ba ɗansa na bogi.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Tom da Jerry ba labari ɗaya ba ne da mutum ɗaya ya zauna ya tsara daga farko zuwa ƙarshe. Wasu Amurkawa biyu ne, William Hanna da Joseph Barbera, suka ƙirƙiro shi a kamfanin MGM cikin 1940, tun kafin a haifi yawancin kakannin masu gardamar. A fim na farko ma sunan muzurun Jasper, da ƙafa huɗu yake tafiya kamar kowace kyanwa, gashinsa buzu-buzu, ɓeran kuwa ba a ambaci sunansa ba. Sai a 1941 aka raɗa musu Tom da Jerry, sannan a hankali Tom ya koma tafiya da ƙafa biyu. Daga 1940 zuwa 1958 waɗannan mutane biyu sun yi gajerun finafinai 114, kowanne kimanin minti bakwai, kuma guda bakwai daga ciki sun ci lambar yabo ta Oscar, wadda ita ce babba a harkar fim a Amurka. Ka ji waɗanda ake ce wa ba su san aikinsu ba!

Bayan su, sai aka ba wani mai suna Gene Deitch aikin, ya yi guda 13 tsakanin 1961 da 1962, kuma ba a Amurka aka zana su ba, a birnin Prag ne na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci, da kuɗi kaɗan, shi ya sa zanensu da sautinsu suka fita daban. Daga 1963 zuwa 1967 kuma Chuck Jones ya karɓa ya yi guda 34, kuma shi ne ya ba Tom girar nan mai kauri, ya ƙara wa Jerry girman kunnuwa. A 1975 aka yi na talabijin, a lokacin an matsa wa tashoshin Amurka lamba kan nuna duka da faɗa a shirin yara, sai aka mai da su abokai, aka ɗaura wa Jerry jan ƙyalle a wuya, Tom ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Wanda suke magana da waƙa kuwa dogon fim ne da ya fito a 1992.

To, ka ga aikin hannuwa daban-daban ne na fiye da shekara 50, amma yaro yana kallonsu a jere cikin yini guda a waya ɗaya, ba shekara a jiki, ba bayani. Yaya ba zai ga kamar an yi kuskure ba? Kamar ka zuba shinkafar Tudun Wada ta bana da ta bara da ta bariya a buhu guda ne, mai saye ya ga launi ya bambanta ya ce an yi masa algus, alhali kuwa duk shinkafa ce ta gaske. Don haka mai turi bai ba kowa jabu ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin shi ma ba ya tantance abin da yake turawa, abin da ya samu shi yake jibga wa mutane.

Haka kuma akwai wata jita-jita da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp, wai an gano kashi na ƙarshe inda Tom da Jerry suka mutu a kan layin dogo, saboda haka duk wanda aka gani bayan wannan ƙarya ne. Gaskiya ne akwai wani fim na 1956 da ya ƙare da su biyun zaune a kan layin dogo cikin baƙin ciki ana jin kukan jirgi, kuma ni ban ga dacewar a nuna wa ƙananan yara shi ba. Amma ba shi ne na ƙarshe ba, su Hanna da Barbera sun ci gaba da fitar da wasu har 1958.

Ba na cewa babu inda aka yi tuntuɓe. Ƙaton karen nan da aka fi sani da Spike, a wani fim na 1946 an rubuta Killer a jikin ɗakinsa, a wani na 1948 kuma ya sa hannu da sunan Butch, alhali akwai wani baƙin muzuru shi ma Butch. Ɗan ƙaramin ɓeran nan mai banten jarirai, wani lokaci Nibbles, wani lokaci Tuffy. Sannan a tuna da hannu ake zana waɗannan finafinai na da. Hoto 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa guda, wato fim ɗin minti bakwai ya haura hoto 10,000, kuma ko da ana maimaita wasu, dubban zane ne, wani ya zana, wani ya bi da tawada, wani ya shafa launi. In an samu inda launi ya kuɓuce ko wani kwano ya ɓace daga kan tebur, ai ba abin mamaki ba ne. Yaron da ya gano irin wannan a yaba masa, yana da ido.

Amma maganar wai Tom ya mutu ya dawo, wannan kam ba kuskure ba ne, ƙa'idar wasan ke nan, kuma mu Hausawa mun fi kowa saninta. Sau nawa Gizo ya sha kashi a tatsuniya, aka ƙona shi, aka jefa shi a ruwa, washegari da dare kaka ta sake ɗauko shi lafiya lau yana yi wa Ƙoƙi tsamin baki? Sau nawa aka yi wa Kura dukan mutuwa, gobe ta dawo da kwaɗayinta? Akwai wanda ya taɓa tsayar da kakarsa ya ce, Iya, ai jiya kin ce an kashe shi? Babu. Kowace tatsuniya da kanta take tsaye, abin da ba ya canzawa shi ne hali, Gizo da wayo, Kura da haɗama. Haka Tom da Jerry, kowane fim daga sabo yake farawa. Ko marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, yau ka gan shi ɗan sanda, gobe direba, jibi boka, ba wanda ya ce an yi kuskure.

Inda mai kallo yake da ikon ya bi diddigi shi ne shiri mai dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina da tashar Arewa24 ta nuna, domin su sun yi alkawari cewa abin da ya faru a makon jiya shi zai haifi na makon gobe. Shi ya sa lokacin da Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya daga hannun Nafisa Abdullahi a Labarina mutane suka yi ta magana, kuma suna da hujjar yin haka, tunda an saba musu da fuska guda. Amma muzuru da ɓera ba su taɓa ɗaukar wa kowa irin wannan alkawari ba, don haka ba a bin su wannan bashi.

Malam Edita, abin da ya fi damuna yana nan gaba. Ita tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Mai bayarwa zai ce ga ta nan ga ta nanku, yara su ce ta zo mu ji ta, in an gama a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, har a ƙara da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya. Da wannan ne yaro yake gane cewa an fito daga duniyar wasa an dawo ta gaske. Kuma babba ne yake bayarwa, yana kallon fuskar yaran, ya san inda zai tsaya ya ja kunne. Shi kuwa katun a waya ba mai buɗewa ba mai rufewa, wani na ƙarewa wani na farawa har caji ya ƙare, uwa tana wajen surfe, uba yana kasuwa ko gona. Yaro ɗan shekara huɗu ya ga an maka wa Tom guduma a ka ya tashi yana gudu, an cusa masa wuta a wutsiya ya warke nan take, wa ya gaya masa cewa ƙaninsa da ke kwance a tabarma ba haka yake ba? A gidajenmu kuwa ga taɓarya, ga lauje, ga murhu, ga galan ɗin fetur na mai babur, duk a inda hannun yaro yake kaiwa. Mu manya muna can muna musu a kan launin muzuru, wannan tambayar kuwa ba mai yin ta.

Saboda haka ina kira ga iyaye 'yan'uwana, ba na ce a hana yara dariya ba, amma a riƙa zama da su ko na minti goma ne. In an baje Tom ya tashi, a tambayi yaro, in mutum ne zai tashi? A bar shi ya ba da amsa da bakinsa. In ya ce Baba, wannan Tom ɗin ba irin na ɗazu ba ne, kada a ce masa rufe mana baki, a gaya masa wani ne ya zana wannan, wani ya zana wancan, a shekaru daban. In an kashe wayar kuma a ce masa ƙurunƙus, kamar yadda aka yi mana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma samari masu turi, daga Tiga zuwa Kwanar Ɗangora har Riruwai, sana'arku ce, ku san kayanku kamar yadda mai hatsi ya san nasa. Ku riƙa kallon abin da za ku tura, ku ware tsofaffi daban, sababbi daban, wanda bai dace da ƙananan yara ba ku cire shi, kuma ku tambayi mai saye shekarun yaron da zai kalla. Yin haka zai raba ku da rigima, ya kuma ƙara muku masu ciniki. Masu zuwa karɓar kuɗinsu kuma don Allah a sassauta, yaran nan neman halak suke yi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba, amin. Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan tireda,
Kwanar Ɗangora, Ƙaramar Hukumar Kiru, Jihar Kano.