HANYAR WUDIL BA A GADAR HOTORO TA ƘARE BA

Jama'a, duk wanda ya taso daga Gyaɗi-Gyaɗi ya bi ta Tarauni ya iso Hotoro, zai ga babbar gadar sama da Gwamnatin Ganduje ta gina, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a watan Janairu na 2023. Aiki ne mai kyau, ba mu musa ba. Amma muna tuna wa mahukunta cewa ba don birni kaɗai aka yi hanyar nan ba.

Daga Hotoro sai Mariri, inda kasuwar goro take. Daga nan sai Wudil, kamar mil 25 daga Kano, garin da shanu ke cika kowace Juma'a. Bayan an haye gadar kogi hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Birnin Kudu, ɗaya ta bi ta Gaya da Shuwarin da Azare da Potiskum har Maiduguri.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ta wannan gefe gyaɗar ƙasar gabas ke shigowa, a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Gumin talaka ne ya raya ta. To, me aka saka masa da shi?

A 2006 Gwamnatin Obasanjo ta ba da kwangilar mayar da ita tagwaye daga Kano zuwa Maiduguri, kashi biyar. Obasanjo ya sauka, 'Yar'aduwa ya rasu, Jonathan ya tafi, aiki bai ƙare ba. Kashin Shuwarin zuwa Azare sai a 2021 aka buɗe shi, bayan shekara 15. Yaron da aka haifa ranar sa hannu ya isa riƙe garma.

Abin da muke nema guda uku ne. A bayyana wa jama'a kuɗin da aka kashe a kowane kashi. A yi gadojin masu tafiya a ƙasa a garuruwan da titi ya ratsa, don 'yan makaranta da 'yan kasuwa. Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi kuwa su gyara hanyoyin ƙauyuka masu fitowa bakin titi, domin manomin da damina ta tsare a ƙauye, kwalta ba ta amfane shi da kome ba.

Haraji dai kowa na biya. Hanya ma ta kai ga kowa.